Akwatin intanet da ke falo: naka ne ko na kamfani?

A takardar kuɗin intanet da ake aiko wa magidanta a Amurka duk wata, akwai wani ɗan layi da ido kan tsallake: kuɗin hayar na'ura. Comcast, wanda yake sayar da intanet da sunan Xfinity kuma yana cikin manyan kamfanonin ƙasar, ya kai wannan kuɗi dala 14 a wata a 2020, daga baya ya mayar da shi dala 15. Kuɗin kamar ba komai ba, sai an yi lissafi. Dala 15 sau goma sha biyu dala 180 ke nan a shekara, dala 900 a shekara biyar, a kan akwatin da irinsa a kanti bai wuce dala ɗari biyu da 'yan kai ba. Kuma ranar da mutum ya bar kamfanin dole ya mayar da akwatin, in ya ɓatar a ci shi tara. Shi ya sa shawarar farko da ake ba baƙo a can, har da 'yan uwanmu da karatu ko aiki ya kai su, ita ce: sayi naka, ka mayar musu da nasu.

Shawarar tana da tushe, amma ta haɗa abubuwa biyu da ba halinsu ɗaya ba, kuma daga nan ne mutane da yawa suke yin asara.

Akwatin da kamfani yake bayarwa na'ura biyu ce a jiki ɗaya. Akwai modem, wanda aikinsa shi ne magana da layin kamfani: ya karɓi siginar da ke zuwa ta waya daga titi, ya juya ta zuwa bayanan da kwamfuta take ganewa. Sai kuma rauta, wadda ba ruwanta da titi. Ita ce take raba intanet ɗin ga wayoyi da talabijin da kwamfutocin gida, ita ke watsa Wi-Fi, ita ke tsare ƙofa kada na waje ya shigo, kuma ita ce ta san duk na'urar da ke cikin gidan da lokacin da kowace take aiki. Rauta kowa zai iya saye ya jona, ta yi aiki da kowane kamfani. Modem kuwa ɗaure yake da irin layin da ya shigo gidan. Wanda aka yi domin kebul ɗin talabijin ba ya aiki a layin faiba, wato wayar gilashi da ke ɗaukar bayanai ta hanyar haske, na tsohuwar wayar tarho ba ya aiki a kebul.

A Amurka yawancin gidaje ta kebul ɗin talabijin intanet ya shiga, kuma tsarin da modem ɗin kebul yake bi shi ne DOCSIS, wanda CableLabs, cibiyar binciken da kamfanonin kebul suka kafa wa kansu, ta fitar a 1997. Bugu na 3.0 ya zo a 2006, ya ba modem damar haɗa tashoshi da yawa a lokaci ɗaya don gudu ya ƙaru. Bugu na 3.1 ya zo a 2013, shi ne ya sa gudun gigabit ya zama abin sayarwa ga gidaje. Yanzu ana shimfiɗa 4.0 a hankali. Abin lura a wannan jeri shi ne tazarar da ke tsakani: shekara bakwai daga 3.0 zuwa 3.1. Modem ba ya tsufa da sauri kamar wayar hannu. Wanda ya sayi irin su Arris SB8200 ko Netgear CM1000 tun wajen 2017 zai iya kasancewa yana amfani da abinsa har yau, ya daɗe da fanshe kuɗinsa. In aka ce modem da rauta sun ci dala 250, a kan hayar dala 15 kuɗin yana dawowa cikin wata goma sha bakwai. Duk abin da ya biyo baya riba ne.

Sai dai akwai wani abu a tsarin DOCSIS da ba a cika gaya wa mai saye ba. Ko da kuɗinka ka sayi modem, kamfani ne yake riƙe da ragamarsa. Da an jona shi, kamfani zai aiko masa da fayil ɗin da ke faɗa masa iyakar gudun da aka yarda ya yi, kuma kamfani ne kaɗai yake iya sabunta manhajar da ke cikinsa, mai shi ba ya iyawa. In modem ɗin ba ya cikin jerin waɗanda kamfani ya amince da su, ba za a kunna shi ba. Wanda ya taɓa biyan kuɗin mitar wuta a Najeriya ya san irin wannan mallaka: kuɗinka ne, a bangonka take, amma ba ka isa ka buɗe cikinta ba. Dalilin kamfanonin ba ƙarya ba ne gaba ɗaya, domin layin kebul na tarayya ne, gidaje da yawa a unguwa suna kan waya ɗaya, modem guda mai hayaniya zai iya dagula wa maƙwabta sigina. Amma wannan dalili ya kuma ba su makami. Da Comcast ya fara ƙara gudun aika bayanai a wasu yankuna, masu hayar akwatinsa ne suka fara morewa, masu nasu modem suka jira har aka tantance 'yan ƙalilan daga cikin na kasuwa.

Wannan ja-in-ja ta girmi intanet nesa ba kusa ba. Shekaru da dama babban kamfanin tarho na Amurka wato AT&T ba ya sayar da kan tarho, haya yake bayarwa, a jikin tarhon ma an rubuta cewa kayan kamfani ne, ba na sayarwa ba. Haramun ne a jona wani abu a layin da ba na kamfani ba, hujjar kuwa ita ce kada a lalata layin. Har wani ɗan kofi da ake maƙalawa a bakin tarho don kada na kusa ya ji magana, mai suna Hush-A-Phone, sai da aka je kotu a kansa, kotu ta ba masu shi gaskiya a 1956. Sannan a 1968 hukumar sadarwa ta FCC ta yanke hukunci a kan Carterfone, na'urar da wani mutumin Texas mai suna Thomas Carter ya ƙera don haɗa rediyon oba-oba da layin tarho: kowa na iya jona abin da ya ga dama muddin bai cutar da layin ba. Ta wannan ƙofa na'urar faks da mai ɗaukar saƙo da modem na farko suka shiga gidaje. Da an bar wa AT&T ikon cewa a'a, da intanet ɗin gida ya makara ƙwarai.

Darasin bai hana a maimaita ba. A 2019 aka fallasa cewa kamfanin Frontier yana cajin kwastomomi dala 10 a wata kuɗin rauta ko da sun ce ba sa so, tasu suke amfani da ita. Abin ya kai majalisa. A ƙarshen shekarar aka sa hannu a dokar da ta haramta karɓar kuɗin haya a kan na'urar da mutum ya kawo da kansa ko wadda ya mayar, ta fara aiki a Disambar 2020 bayan FCC ta ƙara wa kamfanoni wata shida. Dokar ta toshe wannan rami, amma tsugune ba ta ƙare ba. Ta hana a rubuta kuɗin haya a layi na daban, ba ta hana a zuba shi cikin farashin intanet ɗin ba.

Haka kuwa aka yi. AT&T ya daina rubuta kuɗin na'ura daban a tsare-tsarensa na faiba, ya ce tana ciki. Verizon ma ya haɗa rauta a yawancin tsare-tsarensa na faiba masu suna Fios. Spectrum yana ba da modem ba tare da caji ba, ya karɓi kuɗi a kan Wi-Fi. Wayon da ya fi burge ni, in za a kira shi burgewa, shi ne na Comcast a lokacin da yake da iyakar data ta terabait 1.2 a wata a yawancin yankunansa. Mai modem nasa da ke son a cire masa iyakar sai ya biya dala 30. Wanda ya karɓi akwatin kamfani kuwa dala 25 zai biya, a ba shi akwatin da data marar iyaka gaba ɗaya. Wato mai gida da 'ya'ya masu kallon bidiyo dare da rana, in ya sayi nasa ya fi mai haya kashe kuɗi. A 2025 kamfanin ya fito da sababbin tsare-tsare da suka haɗa akwatin da data marar iyaka a farashi ɗaya. Ga wanda ke kan irin wannan tsari, lissafin wata goma sha bakwai ya rushe, domin babu dala 15 ɗin da zai rage in ya mayar da akwatin.

To me ya sa kamfani zai yarda ya yi rangwame don kawai akwatinsa ya zauna a falonka? A nan ne a ganina maganar take, fiye da batun dala 15. Kuɗin haya riba ce mai daɗi, amma akwatin yana da wani amfani. Tun wajen 2013 akwatunan Comcast da ke gidajen mutane suke watsa Wi-Fi na biyu mai suna xfinitywifi, wanda duk kwastoman kamfanin da ke wucewa zai iya hawa. A kunne yake zuwa, sai mai gida ya shiga ya kashe, kuma a 2014 wasu mutane a Kalifoniya suka kai ƙara a kansa. Waɗannan miliyoyin wuraren Wi-Fi, da ke aiki da wutar lantarkin masu gidaje, su ne daga baya suka taimaka wa kamfanin ya shiga kasuwar layin wayar hannu, domin duk datar da wayar kwastoma ta sha ta Wi-Fi ba sai an biya mai turakun sabis kuɗinta ba. Ban da wannan, akwatin kamfani yana rage masa wahalar gyara, yana nuna masa yawan na'urorin da ke gidan, yana kuma ba shi wurin tallata ƙarin kaya: na'urar faɗaɗa Wi-Fi, tsaro, kyamara. Wanda rautarsa ke gidan shi ke da iko da hanyar cikin gida.

Turawan Jamus sun kalli abin ta wannan fuska, shi ya sa suka yi dokar da ta fi ta Amurka zurfi. Tambayar da suka yi ita ce: a ina layin kamfani ya ƙare, a ina gida ya fara? Kamfanoni suna cewa akwatin ma ɓangaren layinsu ne, don haka suna ƙin ba mutum lambobin sirrin da zai saka a tasa rautar. Dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Agusta, 2016 ta ce layin kamfani ya ƙare a soket ɗin bango, duk abin da ke cin wuta bayan nan zaɓin mai gida ne, kuma dole a ba shi lambobin shiga kyauta. Shi ya sa a Jamus mutum kan shiga kanti ya sayi rauta irin su Fritz!Box ya jona ko da a layin kebul ne. Dokar Tarayyar Turai ta 2015 a kan intanet ta riga ta ambaci 'yancin zaɓen na'ura, amma ta bar wa kowace ƙasa ta fayyace inda iyakar take. Italiya ta bi sahu a 2018, Holan a 2022. Faransa kuwa wata hanya ta bi tun 2002, lokacin da kamfanin Free ya fito da Freebox, akwati ɗaya mai intanet, daga baya har da tarho da talabijin, a farashi mai sauƙin da ya sa yawancin mutane ba su damu da tambayar na waye ba.

Faiba ta sake tayar da rigimar. A layin faiba akwai 'yar na'urar da ke juya haske zuwa siginar lantarki, kuma kusan ko'ina kamfani ne yake kawo ta ya kafe a bango. A Fios, waya kawai ake ja daga jikinta zuwa duk rautar da mutum yake so. A AT&T kuwa layin yana neman shaidar da ke cikin akwatin kamfanin kafin ya buɗe, don haka akwatin dole ne. Iyakar abin da mai gida zai yi shi ne ya kashe Wi-Fi ɗinsa, ya sa shi ya miƙa komai ga rautarsa. Wannan dabara, wadda ake samu a yawancin akwatunan kamfanoni, ita ce mafita ga duk wanda aka tilasta wa zama da akwatin da bai zaɓa ba. In ba a yi ta ba, aka jona rauta a bayan rauta, intanet zai yi aiki, amma wasannin kan layi da kyamarar gida da wasu kiran bidiyo su riƙa ba da matsala ba a san dalili ba.

Masu cewa a saya ba sa son a yi maganar ɓangaren da haya ta fi, alhali yana nan. Ranar da intanet ya ɗauke, mai akwatin kamfani kira ɗaya zai yi, matsalar tasu ce daga titi har falo. Mai nasa kuwa abu na farko da zai ji daga ma'aikacin kamfani shi ne, "Ai ba na'urarmu ba ce," kuma in aka turo mai gyara ya ga laifin daga kayansa ne, zai biya kuɗin zuwan. Tsawa ta ƙona modem ɗin haya, a canja masa. Ta ƙona naka, sai ka koma kanti. Kuma saye yana buƙatar sani. A ƙarshen 2016 aka gano cewa modem masu ɗauke da guntun lantarki (chip) na Intel Puma 6, irin su Arris SB6190, suna da wata cuta ta tsaiko na ɗan lokaci da ke lalata wasa da kira, mutane da yawa sun saye su da tsada suna ganin sun yi dabara.

Batun tsaro ya fi wannan nauyi, kuma kowane ɓangare yana da abin kunyarsa. A Nuwambar 2016 wani nau'in cutar kwamfuta mai suna Mirai ya afka wa rautocin da Deutsche Telekom ya raba wa kwastomominsa, ta ƙofar da kamfanoni ke bi su sarrafa akwati daga nesa, kusan gida 900,000 suka rasa intanet. Wannan illar kowa ya riƙe akwati iri ɗaya ce. Amma kamfanin ya tura gyara cikin 'yan kwanaki, mutane suka kashe suka kunna, abin ya wuce. Rautar da mutum ya saya kuwa ba mai tura mata gyara in wanda ya ƙera ta ya daina kula da ita. A 2018 hukumar FBI ta roƙi jama'a su kashe rautocinsu su kunna saboda cutar VPNFilter da ta kama na'urori kusan 500,000 a ƙasashe 54. A farkon 2024 ta sanar da cewa ta tarwatsa wata rundunar tsofaffin rautocin Cisco da Netgear, waɗanda masu su ba su san an daina sabunta su ba, da masu kutse suke fakewa a bayansu. Rauta tana iya shekara takwas fitilunta na walƙiya lafiya lau alhali ƙofarta a buɗe take. Wanda ya san ba zai taɓa shiga ya duba sabuntawa ba, ko ya sayi mai sabunta kanta, ko ya zauna da ta kamfani.

Duk da haka hukuncina a kan rauta bai canja ba: a saye ta. Fasahar Wi-Fi tana gudu fiye da ta modem, an yi Wi-Fi 6 a 2019, ga Wi-Fi 7 a 2024, kuma akwatin kamfani dole ya zauna inda waya ta shigo, sau da yawa a lungu bayan talabijin, inda rabin siginar ke ƙarewa a bango. Rautarka kana iya kai ta tsakiyar gida, ka ƙara mata 'yan uwa a ɗakuna, ka ware wa baƙi nasu layin, ka tafi da ita in ka tashi, sunan Wi-Fi da lambar sirri ba su canja ba. Modem kuwa sai an duba takardar kuɗi. In akwai layin haya a rubuce, layin kebul ne, kuma mutum zai kai shekara biyu a gidan, saye ya fi. In ɗalibi ne mai shekara ɗaya, ko ana haƙa ramin faiba a unguwar, sayen modem ɗin kebul zubar da kuɗi ne.

A Najeriya abin a juye yake. Ba a san hayar akwati ba sosai, saye ake yi tun farko: MiFi, ko rautar 4G, ko ta 5G tun da MTN ya fara a 2022 bayan shi da kamfanin Mafab sun biya dala miliyan 273.6 kowanne a gwanjon lasisin 5G na Disambar 2021, Airtel ya biyo baya a 2023. Waɗannan ma modem da rauta ne a haɗe, sai dai sim ne a madadin waya. Ana sayar da su da rahusa, a haɗa da datar kyauta, amma yawancinsu a kulle suke, sim ɗin wani kamfani ba ya aiki a ciki. Ka biya kuɗi, kayan naka ne, in ya lalace asararka ce, amma ranar da sabis ɗin kamfanin ya yi rauni a unguwarku akwatin ya zama kayan ado. Tun 2013 mutum yake iya ɗaukar lambar wayarsa ya koma wani kamfani, rautarsa kuwa ba ta bin sa. Daga nan sai a nufi kasuwar waya, irin su Farm Centre a Kano, a ce wa mai gyara, "Malam, a buɗe min ita." Wani lokaci ta buɗu, wani lokaci ta mutu a hannu, wani lokaci kuma ta buɗu amma ba ta kama zangon da ɗaya kamfanin ke watsa 4G a kai, domin ba duka ne suke kan zango ɗaya ba. Rautar da ba a kulle ba ta fi tsada, sai dai tun da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a farkon 2025, damar zare wannan sim a saka wancan ta ƙara daraja. Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan'adam, da ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ya kai wannan tsari ƙarshe: farantin da tsada, naka ne, amma ba abin da yake ji a sararin sama sai taurarin kamfani ɗaya.

Wani abin da ke faruwa kuma, ɗan uwa ya dawo daga Amurka da tsohon modem ɗinsa na kebul a matsayin tsaraba. Ba zai yi aiki ba, domin babu irin wannan layi a gidajenmu. Rautar ce mai amfani, in cajarta tana karɓar wutar 240, a jona ta a bayan akwatin MTN ko Airtel ko Starlink ta faɗaɗa Wi-Fi a gidan bulo mai ɗakuna da yawa.

Kulle na'ura ba ƙaddara ba ce, tsari ne da hukuma ke iya canjawa. Kanada ta hana sayar da wayoyin hannu a kulle tun Disambar 2017, Birtaniya ta yi haka a Disambar 2021. Kamfanin da ya yi rahusa a kan rauta yana da hujjar neman ya fanshe kuɗinsa, kuma ana iya ba shi wa'adi, shekara ɗaya misali, bayan nan a wajabta masa buɗewa kyauta ga duk wanda ya nema. Hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ce ke tantance kowace irin na'urar sadarwa kafin a sayar da ita a ƙasar, don haka wurin da za a saka wannan sharaɗi yana hannunta.